Jinyar Illa a Garin da Ƙasa ke Motsi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Ina tsakiyar wanke ciwo sai abokiyar aiki ta leƙo ta ce, "Sahiya, wai da gaske ƙasa na rawa can?" A gidan suna mata su ja ni gefe. Ran kasuwar Buza ma wata da ban taɓa gani ba ta tare ni wajen masu albasa, ta ce ba ni ce wadda ta je Italiya ba? Kowa ina ba shi guntu, guntayen kuma sun fara yawo suna dawo mini da ƙari, har an ce na kwana cikin majami'a tare da gumaka. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa daga farko, yadda ya faru. Ba buɗe ido na je ba, jinya na je.

Illa ƙanena ne, shi ne autanmu. Mu 'yan Tama ne. Babanmu manomi ne, amma da rani yakan tafi wajen Keita aikin jera duwatsu a bakin ƙoramu don tare ruwa, Illa kuma tun bai isa ɗaga dutse ba yake bin sa. Can hannunsa ya faɗa da aikin dutse. Bayan rasuwar baba damina ta ƙi, ta sake ƙi, Illa ya bi hanyar Agadas kamar sauran samari. Wahalar da ya sha a hanya tasa ce, ba ni zan faɗa ba. Daga baya dai ya sami takardu, ya sami aiki wajen wani magini a tsakiyar Italiya, cikin duwatsu, inda girgizar ƙasa ta rusa garuruwa. Aikin da suke kai shi ne tayar da tsohuwar majami'ar gidan maser, wato matan nan Kirista da suka bar aure suka zauna ibada. Innarmu ta rasu yana can. Ni na gaya masa ta waya, ya yi kukansa, ya sa aka yi mata sadaka.

Ni aikin jinya nake yi a asibitin mishan da ke kusa da Madawa. Wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara da lambar waje. Na ɗauka ina murna na ce, "Illa, yau ka tuna da mu?" Sai na ji muryar wani yana Faransanci. Ya ce sunansa Ablay, mutumin Senegal ne, tare suke aiki. Ƙasa ta ɗan motsa suna sama, wani guntun ado ya ɓalle daga rufi ya bugi Illa a ka, ya faɗo daga kan ƙarafan da suke hawa. Ya daɗe bai farfaɗo ba. Yanzu ya farfaɗo, amma Italiyanci ya tafi, Faransanci ya tafi, ba abin da ke fita bakinsa sai wani yare da ba wanda ya sani a duk yankin.

"To ba shi wayar," na ce.

Na kira sunansa, na sake kira. Sai na ji ihu, wani abu ya faɗi ƙasa. Ablay ya dawo ya ce kullum haka yake yi, muryar da ba ya ganin mai ita tsoro take ba shi. Likitoci sun ce sai wani nasa ya zo da fuskarsa.

Kawunnanmu ba su daɗe suna shawara ba. Ni kaɗai ce mai Faransanci, ni kuma na san ɗakin marasa lafiya. Maigidana ya ce, "Tahi, zuwa da kai ya hi aike. Yara suna wurin ƙanwata."

Na shiga kar, wato babbar motar fasinja mai zuwa Yamai, daga Madawa da jaka ɗaya, rabinta tufafi, rabinta garin hatsi da kuka da kilishin da 'yan uwa suka haɗo masa. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya mai sayar da turaren wuta, mai kirki, mai yawan magana. Kafin Kwanni ta ji duk labarina. Ta ba ni dabino, ta dafa gwiwata ta ce, "Ɗiyata, abu guda zan hwaɗa miki. In Allah ya yi ikonai, kar ki bari su ƙone shi. Na ji can ƙone mamaci sukai, su zuba toka a kwalba." Da alheri ta faɗa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har ƙarshen tafiyar. Kowane shinge jandarmomi su sauke mu, mu nuna kati, mu hau. Bayan Dogondutsi taya ta fashe a wurin da waya ba ta kamawa. Mutane suka watse ƙarƙashin itatuwa suna hira, ni kuwa ina ta hawa tudu da wayar a sama, ina ganin yanzu Ablay na kira da mummunan labari bai same ni ba.

A Yamai na sauka gidan wata 'yar uwar maigidana, na shiga zaryar biza. Likitocin Illa da maser ɗin sun aiko takardu, duk da haka sai da na yi ta komawa. Wanda ya yi mini tambayoyi ta bayan gilashi abu ɗaya ya dame shi: zan dawo kuwa? Na ce masa ina da 'ya'ya, ƙaramar ko yaye ba ta daɗe da yi ba. Ya dube ni ya buga hatimi. Kwanakin da suka ba ni ba su da yawa.

Jirgi ban taɓa shiga ba. Da ya tashi na damƙe hannun kujera har yatsuna suka yi sanyi. A Istanbul, inda ake canji, na ji wasu 'yan kasuwa suna Hausa, sai na bi su kamar akuya ta ga garke. Mun yi tafiya mai nisa kafin ɗayansu ya dubi takardata ya ce, "Baiwar Allah, mu Sin za mu." Da gudu na koma, takalmi a hannu.

A Roma wani kare ya zo ya shinshina jakata, ya zauna gabanta yana kallona. Aka shiga da ni wani ɗaki. Kilishin suka fara ɗauka, suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka jefa shi cikin wani babban kwando ina gani. Sai suka zo kan kukar. Wani ya buɗe ƙullin, ya ga kore, ya kira wani, wannan ma ya kira wata. Na ce ganyen itace ne, miya ake yi. Ba su gane ba. Na kwatanta tuƙi, na kwatanta loma. Na fara tunanin za su mai da ni ban ga Illa ba saboda miyar kuka. Matar ce ta karɓi takardar asibitin ta karanta a tsaye. Da ta gama, da hannunta ta ƙulle mini kukar, ta tura jakar gabana.

Ablay na jira a waje, dogo, da furfura a gemu. Ya kira ni "babbar yaya" ko da yake ya girme ni. Muka hau motar ubangidansu muka nufi duwatsu. Hanyar ba ta san miƙewa ba, sau biyu ina sa shi ya tsaya in amayar da abin da na ci a jirgi. Da muka fara shiga garuruwan da abin ya taɓa, sai na bar tambaya. Na ga gida an yanke shi tsaye kamar kabewa, ɗakin sama a buɗe, labule na kaɗawa. Waɗanda ba su faɗi ba an tokare su da katakai, an ɗaure su da bel na ƙarfe. Mu a Adar mun san ruwa na cin gida, mun san gobara, amma duka ana ganin zuwansu, ana iya gudu. Na ce wa Ablay, "In ƙasa ce ta tashi, ina ake gudu?" Ya ce ba ko'ina, tebur ake shiga ƙarƙashi.

Garin yana kan tudu, an kewaye tsakiyarsa da shinge, ba mai kwana ciki. Mutanen suna ƙasa, cikin ƙananan gidajen katako a jere. Maser ɗin ma can suke, cikin kwantenoni da aka buɗe wa tagogi, kuma can suka sauke ni. Ba su da yawa, kusan duka tsofaffi. Wadda ta karɓe ni Maser Anjela ce, 'yar guntuwa mai sanda, wadda ta yi ƙuruciyarta tana aiki a Kamaru, shi ya sa take Faransanci. Kafin in ajiye jaka ta nuna mini kusurwar ɗakin da sandarta ta ce, "Gabas ɗinku nan ne, ƙanenki ya nuna mini tuntuni. Tukunyarki daban, alade bai taɓa shiga ba. Ki ci, kin yi kama da wadda za ta faɗi."

Na ɗauka na san Kirista, tunda shekara da shekaru nake aiki cikinsu. Amma waɗannan daban ne. Ƙararrawa ke tashe su, ƙararrawa ke zaunar da su. Wajen cin abinci ba mai magana, ɗaya na karatu sauran na tauna. Taliya kullum, yau doguwa, gobe gajera, jibi mai rami, da cuku mai wari da suke barbaɗawa kamar yaji. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce su wuce, ba gida, ba gajiya, ba yara. Da farko na zaci fushi ake da ni. Ga shi kuma in sun tashi nuna ƙauna sai su wuce wuri. Ubangidan Illa, wani ƙaton mutum ana ce masa Renzo, ya zo gaishe ni da hawaye a ido, ya buɗe hannuwa zai sumbaci kumatuna. Na ja da baya da sauri na taka kwanon karen maƙwabta, ruwa ya wanke mini zane. Maser Anjela ta ɗaga masa sanda, shi kuma ya yi ta ba da haƙuri da hannu a ƙirji.

Washegari Ablay ya kai ni asibitin, can ƙasa cikin kwari. A bakin ƙofar ɗakin na tsaya. Ni da nake shiga wajen mutanen da mota ta niƙe ban ji komai ba, sai ga ni ina tsoron shiga.

Yana zaune kusa da taga, an aske rabin kansa, ɗinki ya bi ta bayan kunne. Ya rame. Na yi sallama. Ya juyo a hankali, ya dube ni, sai fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya.

"Inna," ya ce. "Ina kika tahi tun ɗazu?"

Na san na yi ƙiba, na san mutanen Tama na cewa ina ƙara kama da ita. Amma ban shirya wa wannan ba.

"Inna, mutanen ga ba su jin magana. Ina ta ce musu a ba albasa ruwa, rana ta yi. An ba ta?"

"An ba ta," na ce.

Ya kama hannuna ya ɗora a kansa, yadda yake mata yana yaro. Na tsaya ina shafa ɗinkin, ina kallon bango don kar ya ga idona.

Likitarsa yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce ƙwaƙwalwarsa ta koma baya ta tsaya wani wuri, mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa ba duka ba. Ta ce kar in yi masa gardama, kar kuma in gina masa ƙarya, in bar shi ya iso da ƙafarsa. Faɗar haka da sauƙi. Kullum da safe in shiga ya ce Inna, in amsa. Ya tambayi baba, in ce ba ya nan. Ya tambayi Yaya Sahiya, in ce tana lafiya. In na fito sai in zauna a benci in rasa abin da zan roƙa. In ya zauna haka, na rasa ƙanena. In ya dawo, ni zan sake kashe masa uwa. Kwanakin bizata kuma suna ta raguwa.

Na dama masa hura a madafar maser da garin da na sha wahala a kansa, da nonon kwali da ya ƙi tsami. Na kai masa ina sa rai. Ya kurɓa sau ɗaya ya ture, ya jawo farantin taliya ya cinye tas, ya nemi baƙin kofinsu mai ɗaci. Bakinsa ya manta yarensu, cikinsa bai manta ba. Maser Anjela ce ta shanye hurar, ta ce ta tuna mata da Kamaru.

Wata rana Ablay ya ce in zo in ga inda abin ya faru. Ban so ba. Tun a gida akwai masu cewa me ya kai ɗan Musulmi gina majami'a, kuma ba zan ce maganar ba ta taɓa ratsa ni ba. Aka sa mini hular kwano kan kallabi muka shiga.

Majami'ar da na sani a wajenmu ɗaki ne dogo, bango fari, rufin kwano, benci da ganga, ba hoto ko ɗaya. Wannan kuwa ko da ta rushe sai da na ja numfashi. Ba wurin da aka bari haka nan. Ginshiƙai a murɗe kamar igiya, furanni da ganyaye na farar ƙasa suna bin bango, ruwan zinariya a kowace kusurwa, jarirai masu fukafukai suna leƙowa daga sama, wani ba kai, wani ba hannu. A rufi an zana sararin sama da mutane cikin gajimare, amma tsakiyarsa ta faɗo, sai leda aka shimfiɗa, iska na buga ta. Can sama a gefe akwai taga mai raga, inda maser ke zama su yi waƙa ba a ganinsu. Ƙarafa sun cika wurin tun daga ƙasa har ƙubba.

A ɗakin gefe an jera abin da aka tsince daga ɓaraguzai kan katakai, kowane guntu da lambarsa, har wanda bai fi ƙwayar gujiya ba. Wasu mata cikin fararen riguna suna goge su da auduga a kan tsinke, suna yi wa bango allura don cike tsaga. Na tsaya ina kallon hannun ɗayarsu. Yadda nake wanke ƙuna, haka take yi. Maser Anjela, da ta biyo mu tana dogara sanda, ta ce tana yarinya ta shigo ta ƙofar nan, nan ta yi alkawarinta na zama maser, nan take so a fitar da gawarta. "Ban sani ba ko zan kai," ta ce. "Su suna aiki a hankali, ni ina tsufa da sauri." Ablay ya nuna mini wata baka, wato lanƙwasar saman ƙofa, da aka sake ɗaurawa da dutse, ya ce hannun Illa ne. Sannan ya nuna ƙasa, inda aka zuba yashi. Ban tambaye shi me yashin ya rufe ba.

Ba a jima ba na ji abin da kaina. Bayan azahar ne, ina yanka albasa a madafa. Sai na ji kamar babbar mota ta taho ta ƙarƙashin ƙasa. Kofuna suka fara kaɗawa, fitila na lilo, ƙasan da nake tsaye ya zame ya dawo. Na manta tebur, na manta komai, na fita da wuƙa a hannu ina salati da ƙarfi. Kafin in kai tsakar fili ya wuce. Da na waiwaya, wata tsohuwar maser na tsaye riƙe da tukunyar miya don kar ta zube. Ta ce wani abu, Maser Anjela ta fassara: "Wannan ƙarami ne." Ni dai ranar ban ci abinci ba. Na bar yarda da ƙasa. In zan taka sai in ji kamar in tambaye ta. Na ƙudura a raina ko a wane hali Illa yake, da shi zan koma.

Abin ya zo wata safiya ba shiri. Ina gyara masa matashi, hasken taga na kan fuskata, sai na ga ya ƙura mini ido. Ya ɗaga yatsa ya bi kumatuna, wannan gefe, wancan gefe. Innarmu tana da zane, irin na matan zamaninsu, layuka daga gefen baki zuwa kunne. Ni ba a yi mini ba.

"Ina zanenki?" ya ce.

Na saki matashin.

"Ke ba Inna ba ce." Ya daɗe yana kallona. "Yaya Sahiya?"

"Ni ce, Illa."

"Kin tsuhwa." Ya ɗan yi murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya dubi ɗakin, ya dubi duwatsun da ke bayan taga, kamar yau ya fara ganinsu. "To ina Inna? Don mi ba ta zo ba?"

Na zauna bakin gadon na kama hannuwansa biyu. Na gaya masa yadda na gaya masa a karon farko, ranar da ta kwanta, wanda ya yi mata wanka, inda aka sa ta kusa da baba. Na ce, "Ka sani, Illa. Ka yi kuka, ka yi mata sadaka. Mantawa ka yi."

Bai yi ihu ba. Ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Can ya ce, "Sau biyu ke nan ban je jana'izarta ba."

Kwana da kwanaki bai yi magana ba, har na ji tsoron na mai da shi inda ya fito. Ablay ne ya ce a yi masa zaman makoki, tunda a wajensa yanzu ta rasu. Likita ta yarda aka kawo shi gidan maser. Aka shimfiɗa barguna a fili, Ablay ya zo da wasu 'yan Maroko biyu da suke aiki tare, aka yi fatiha. Maser ɗin suka jera kujeru nesa kaɗan suka zauna, hannuwa a cinya, ba su san abin da ake cewa ba amma ba wadda ta tashi. Renzo ya zo ya tsugunna gaban Illa, ya rasa yaren da zai yi masa ta'aziyya, sai ya dafa gwiwarsa kawai.

Daga nan abubuwa suka fara dawowa a warwatse. Ya tuna Agadas, ya tuna teku, ya gane Ablay amma ba ya iya ce masa komai, sai in tsaya tsakaninsu ina fassara. Na fara yi masa maganar gida. Na ce fadama na nan, kawu ya ce zai ba shi wuri, ƙasarmu ko ba ta ba da hatsi ba dai ba ta motsi. Yana jina, yana gyaɗa kai. Likita ta ce jirgi bai kamace shi ba tukuna, na ce zan roƙi ƙarin kwana, aka ce ba a ƙarawa. Na shiga lissafin wa zai zo ya ɗauko shi in ya ƙara ƙarfi, wa zai fahimce shi kafin nan in ya ce kansa na ciwo.

Ana jibi zan tafi ya ce yana son ya ga wurin aikin.

"Ba ka shiga," na ce. "Wurin da ya kusa kashe ka?"

"Yaya, ina ganin shi cikin barci, rabi-rabi. Bari in gan shi duka."

Na kai ƙara wajen Maser Anjela ina tsammanin za ta goya mini baya. Ta ce, "Ni ma kullum sai na shiga, kuma a kaina rufin ya faɗo ran babbar girgizar." Likita ta ce a bar shi, amma kar ya hau komai.

Muka shiga, ni a dama, Ablay a hagu, idona na kan rufi. Ma'aikata suka bar abin da suke yi suna gaishe shi, yana kallonsu kamar baƙi. Ya wuce wurin yashin bai tsaya ba. Ya je ƙarƙashin bakar da ya ɗaura ya ɗaga kai, ya daɗe. A gefe wasu biyu suna sauko da wani sassaƙaƙƙen dutse da igiya, dutsen ya fara juyawa, gefensa na nufar ƙarfe. Sai na ji murya ta tashi kusa da kunnena, mai ƙarfi, wadda ban san shi da ita ba.

"Fiyano! Fiyano!"

Wato a hankali. Bai tsaya nan ba, wasu kalmomin suka biyo, guntu-guntu, yana nuni da hannu. Masu igiyar suka tsaya cak, suka daidaita dutsen, suka ajiye shi. Sai Renzo ya cire hularsa ya buga ta a cinya yana ihu, matan masu auduga suka fito da gudu, Ablay na dariya yana share ido. Illa na tsakiyarsu, yana laluben kalma yana samu, yana laluben wata.

Na yi hamdala, da gaske na yi. Abin da na bar 'ya'yana na zo nema ke nan. Amma ina tsaye gefe da hular kwano a kai, ban gane ko kalma ɗaya cikin abin da ƙanena ke faɗa ba, kuma tun kafin ya juyo ya dube ni na san ba zai zo Tama ba.

A hanyar komawa ya ce, "Yaya, in an rufe ƙubbar zan zo in ga kabarinta." Na ce yaushe za a rufe? Ya ce bai sani ba. Na ce in ƙasa ta sake motsi fa? Ya ce, "Za ta sake."

Ni kaɗai na hau jirgi. Maser Anjela ta cusa mini cuku a jaka, wanda har yau ba wanda ya yarda ya ci a gidanmu. Na bar mata sauran garin hatsin, na nuna mata yadda ake damawa. Daga Yamai zuwa Madawa ban yi magana da kowa ba. Da na isa Tama kawunnanmu suka ce ya jiki, na ce ya samu sauƙi. Suka ce yaushe zai zo, na ce yana aiki.

Bai koma hawa sama ba tukuna, a ƙasa suke ba shi aiki, kuma kansa na ciwo in ya gaji. Yana kira ran Juma'a. Ni kuwa in an ce labaran duniya a rediyo sai in bar abin da nake yi in matso, har sai an wuce Turai ba a ambaci girgiza ba. Jiya muna cikin magana, yana tambayata farashin albasa, wani ya kira shi daga nesa. Ya juya ya amsa da yarensu, ya yi dariya, ya ci gaba da yi musu bayani. Na zauna da wayar a kunne ina jin ƙarar guduma, ina jira ya tuna ina kan layi.